Yadda Ƙarfin Naira Ya Cike Karofinmu

A da, in mutumin Kano ya sauka Jidda da naira a aljihu, ba ya neman ɗan canji. Kanti yake shiga kai tsaye, Balarabe ya karɓi takardar hannu biyu, har ya ɗan taɓa Hausar da ya tsinta a bakin alhazai: Alhaji zo, akwai araha. Yau in ka miƙa wa ɗan wannan Balaraben naira, juya ta zai yi ya dubi bayanta, ya mayar maka da abarka. Tun da soja suka sake miƙa mulki ga farar hula, da wuya in zauna a majalisa ban ji wani ya ja numfashi ya ce Allah ya maido mana da zamanin da naira ta fi dala ba. Sai kowa ya shafa. Ni kam hannuna ba ya tashi. Na ga zamanin nan da idona, a mulkin farar hula na wancan karon, na kuma san abin da ya ci a gidanmu.

Mu marina ne. A bayan gidanmu da ke Yakasai akwai ɗan ƙaramin karofi mai ramukan rini shida. Kakanmu ya haƙa su, mahaifinmu ya gada, da ya rasu ya bar mana ni da wana. Ba irin babban karofin da ake kai baƙi su ɗauki hoto ba ne, amma shi ya ciyar da gidan tun kafin a haife mu. Kowane rami zai shanye tsayin mutum har da saura. An shafe cikinsa da laso, wato simintin marina, wanda ake yi da katsin da ke kwanciya a ƙasan rami, a ƙona shi, a kwaɓa da gashin awaki. Rami mai laso mai kyau yakan yi shekaru bai yi yoyo ba. A ciki ake zuba ruwa da toka da baba, wato ganyen da ke ba da shuni, a rufe, a bar shi kwanaki yana ruɓewa har kumfa ta taso, sannan ya soma cin rini. Warinsa kuwa, baƙo tun daga bakin lungu yake toshe hanci. Mu ba ma jin sa.

Wana, wanda nake kira Yaya, shi ya tsaya a kan sana'ar. Ni yawo ya ɗauke ni. Na fita da Larabcin makarantar zaure da Turancin elementare, na tsinci Faransanci a Damagaram, daga nan fataken fata suka riƙa ɗaukata tafinta. Da su na je Kumasi da Hartum da Njamena, daga baya har Italiya. Nakan yi wata uku a gida, in yi shida a waje. Hannuna fari tas, na Yaya kuwa shuɗi ne har gwiwar hannu, ko da ranar sallah ce.

Yawancin abin da muke rinawa ba ya zama a Kano. Turkuɗi ne, baƙin yadin nan mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa, kuma arewa yake tafiya. Akwai wani tsohon Buzu daga Agadas, abokin cinikin mahaifinmu, da ke zuwa kowace shekara bayan kaka. A zaurenmu yake sauka, ya kafa ɗan kaskon gawayinsa yana dafa shayi mai ɗaci, ya yi mako biyu yana zaɓen kaya. A shekarar farko ta farar hula ya zo ina gida. Ya warware turkuɗi ɗaya, ya goga a bayan hannunsa, shuni ya zauna a fata, ya gyaɗa kai. Yaya ya faɗi farashi. Tsohon ya naɗe turkuɗin ya ajiye. Washegari ya tafi Fagge wurin 'yan canji ya canza sefarsa, ya dawo ya zauna ya daɗe yana juya shayi daga kofi zuwa buta.

Can ya ce, "Ɗan amini, rininku bai canza ba. Kuɗinku ne ya yi mini nauyi."

Yaya ya yi dariya ya ce ai nauyin kuɗi alheri ne, ƙasa ce ta yi arziki. Tsohon ya ce yana taya mu murna, amma shi raƙumansa ba su ƙara haihuwa ba don Najeriya ta samu man fetur, kuma a kasuwar Agadas an soma kawo baƙin yadi na inji daga Turai wanda bai kai rabin kuɗin namu ba. Ya ɗauki rabin abin da ya saba ɗauka. Shekarar da ta biyo saƙon gaisuwa kawai ya aiko.

Ba Yaya ne ya tsawwala ba, ina shaida. Masaƙan ƙauye da ke kawo mana farin yadi sun ajiye masaƙa sun shigo birni leburanci a wurin 'yan kwangila, don a can ake biya da tsoka. Masu noman baba sun ragu. Hatsi ya hau, toka ma da ake samu kusan kyauta sai da aka soma sa mata kuɗi. Komai ya tashi a cikin gida, amma gwamnati ta riƙe farashin naira a sama ba ta bari ya motsa ba, don tana da dalar mai da take tallafa shi da ita. Saboda haka duk wanda ya zo daga waje da kuɗinsa zai sayi namu, sai ya tarar da tsada biyu a kansa, ta kayan da ta kuɗin. Wanda kuwa ya fita da naira zai sayo na wasu, araha ce ke tarbarsa tun daga filin jirgi. In da wani ya zauna ya ce bari in tsara hanyar da zan kashe masu sana'ar hannu a Kano ba tare da kowa ya yi kuka ba, da ba zai samu wadda ta fi wannan ba. Ana kashe mu muna tafi.

A shekarar da Buzu bai zo ba Yaya ya tafi hajji. Ya dawo da akwatuna biyar: shadda, agoguna, rediyo mai kaset, darduma, tangaran, har da fanka. Amma ba kayan ne suka sauya shi ba, yadda aka karɓe shi ne. Mutumin da ya yi shekara arba'in ana matsa masa a sahu saboda warin baba, shi ne Larabawa ke jan hannun rigarsa suna roƙonsa ya shiga kantinsu. Ya ba da labarin nan ya fi a ƙirga, kuma duk lokacin da ya zo wurin da Balarabe ya sumbaci takardar naira, sai ya tsaya ya maimaita shi.

Yana da wani aboki, wani Alhaji da ya samu lasisin shigo da kaya ta hannun 'yan siyasa. Wannan Alhajin ne ya sa masa ra'ayin a rushe karofi a gina shaguna, shi zai riƙa ba shi shadda da leshi yana sayarwa. Maganar ta fito fili wata rana bayan la'asar, a kan dakalin ƙofar gidanmu, mutum bakwai ko takwas suna zaune. Alhaji yana cewa duk duniya yanzu ba kuɗin da ya kai namu sai fam na Ingila, shi ma ana dab da kamo shi, don haka zaman rini wahalar da kai ne kawai.

Da na yi shiru na bari sai mun shiga gida, wataƙila da labarin ya bambanta. Amma na ga duniya, kuma ina so a san na gani. Na ce musu ranar da na fara sauka Italiya na sha shayi kofi ɗaya aka ce in biya ɗaruruwan kuɗinsu, na yi ta dariya a zuci ina cewa waɗannan matalauta ne. Kwana uku bayan haka aka kai mu masana'antar da fatar awakinmu ke shiga ta fito takalma, na tsaya ina kallon mutane fiye da jama'ar masallacin unguwarmu suna aiki, kuma takalman nan wasunsu Kano za su dawo mu saya muna godiya. Kuɗinsu ba shi da nauyi a hannu, amma duk duniya tana neman abin da suke yi. Na ce a Kumasi kuma na ga akasin haka. Gwamnatinsu ta rubuta wa kuɗinta farashi mai girma a takarda, amma kanti fayau, mata na layin sabulu tun safe, kuma a bayan kasuwa ana sayar da kuɗin nan kamar ganye. Na ce darajar kuɗi ba lamba ba ce da ake rubutawa, tana zuwa ne daga yawan masu neman kuɗinka don su sayi abin da ka yi. Mu kuwa abu ɗaya tak ake nema a wurinmu, kuma ba mu muka yi shi ba, a ƙasa aka tarar da shi, ba kuma mu ke yanka masa farashi ba.

Alhaji ya gyara hula ya ce, "To Malam tafinta, yanzu sai mu tashi mu yi alƙunutu Allah ya karya mana kuɗi don mu yi arziki?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce a bar shi, shayin Italiya ne bai sake shi ba. Raina ya ɓaci, na juya wajen Yaya na ce duk wanda ya cike ramin da ke kawo kuɗin waje don ya sayar da kayan wasu, bai san kasuwa ba. A gaban abokansa na faɗa, ni ƙaninsa.

Dariya ta tsaya. Yaya ya miƙo hannuwansa biyu a tsakiyar mutane, ya juya su ciki da baya.

Ya ce, "Kai ma nuna musu naka."

Ban nuna ba. Ya ce shi bai je Italiya ba, amma ya san shekara nawa ya yi a tsugune a bakin rami, ya kuma san turkuɗi nawa ke jibge a ɗaki babu mai saye. Ya ce ramuka uku rabona ne, gado ne, ba zai taɓa su ba. In ina son rini, gobe da asuba in tuɓe riga in zo in kama.

A nan ya kama ni, kuma ya sani. Ban iya haɗa baba ba, rabona da riƙe sandar motsa rami tun ina yaro. Ina da tafiya Hartum a ƙarshen watan. Filin kuma ba ya rabuwa, ba za a gina shago a jikin rami mai wari ba. Bayan kwana biyu, a gaban mai unguwa da limamin masallacinmu, aka tambaye ni ra'ayina. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san amsar da ake jira daga ƙani, balle wanda ya riga ya yi wa wansa rashin kunya a bainar jama'a. Na ce yadda Yaya ya gani. Abu ɗaya na roƙa, kada a cike ramukan, a rufe bakinsu da siminti a yi gini a kai, ko wata rana a buƙace su. Magini ya ce gini ba ya zama a kan rami, sai an farfasa bakin an cike an daddaɓe. Ba wanda ya sake duban inda nake.

Tifa ba ta shiga lungunmu, don haka jakuna aka ɗauko, suka yi kwana huɗu suna jigilar ƙasa da ɓaraguzai a mangala. Biyar daga ramukan an riga an kwashe su. Na shidan yana da rai, babansa ya kama sosai, kumfa ta yi tozo a kai, amma ba wanda ya ga amfanin jira a ƙarasa shi. Da aka soma zuba ƙasa sai ruwan ya tumbatso ya bi lungu, shuɗi kamar a tsoma rawani. Jakunan suka yi ta tattaka shi, suka fita bakin titi da ƙafafu shuɗaye, mutane na nunawa suna dariya. Yaya bai fito ba ranar, ya ce kansa ke ciwo.

Aka gina shaguna huɗu. Ba zan ɓoye ba, shekara biyu an ji daɗi. Yaya ya sayi babur, ya yi wa gidan rufin kwano, shuɗin hannunsa ya koɗe har ya fita. In na dawo daga tafiya yakan aiko mini da yadin shadda, ni kuwa na san abin da yadin ke faɗa.

Sai farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya, can inda ba a taɓa jin sunan Yakasai ba. Dalar da ake tallafar naira da ita ta ja baya. Aka soma maganar tsuke bakin aljihu a rediyo, lasisi ya yi wuya, Alhaji ya daina ɗaukar gaisuwar Yaya da fara'a, daga baya ya daina kawo kaya ɗungurungum. A takarda naira tana nan da ƙarfinta, ba a rage mata komai ba. Amma je banki ka ce a ba ka dala a farashin takardar. Sai masu uwa a gindin murhu ke samu, kuma da yawansu ko buhu ɗaya ba su shigo da shi ba, daga banki Fagge suke wucewa su sayar da dalar a farashin kasuwa, su koma su sake karɓo wata. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin zafi a ƙirji. An hana marini da masaƙi da baduku kasuwarsu don a riƙe wata lamba, ribar lambar kuma ta tafi aljihun mutanen da ba su taɓa yin ko allura ba.

Soja suka dawo, aka yi ta 'yan dabaru, daga ƙarshe aka saki naira ta nemi farashinta, ta yi ƙasa kamar an jefa dutse a rijiya. Yaya ya ɗora laifin duka a kan 'yan canji. Wata rana na ja shi muka je Fagge wurin wani dattijo da na daɗe ina canji a hannunsa. Yaya ko zama bai gama yi ba ya ce masa su ne suka kashe kuɗin ƙasa. Dattijon bai ji haushi ba, ya sa aka kawo mana ruwa, ya ce wa Yaya ya ɗan zauna ya kalli benci nan na awa ɗaya. Muka zauna. Mutum tara suka zo neman dala: mai zuwa sayo kaya, mai ɗa a makarantar waje, mai kai mahaifiyarsa asibiti. Mutum ɗaya ne ya kawo dala ya canza.

Dattijon ya ce, "Alhaji, ni ba na sa farashi, benci nake kallo. Ka kawo mini masu kawowa su fi masu nema, gobe ka ga naira ta tashi. Kai me kake sayar wa mutanen waje?"

Yaya ya ce a da yana sayar musu da turkuɗi. Dattijon ya ce to. Muka koma gida a kan babur.

Abin da ya fi ciwo ya zo bayan haka. Da naira ta yi sauƙi, sefa ta yi ƙarfi a kanta, sai ga fataken Nijar sun cika gari, komai namu ya zame musu araha. Wasu samari biyu daga Agadas suka bi kwatance har ƙofar gidanmu, sun ji a wurin iyayensu cewa a lungun nan akwai rini na gaske. Suka tarar da shaguna huɗu, biyu a kulle, ɗaya an ba mai gyaran rediyo haya, ɗaya Yaya na zaune a ciki da 'yan yadudduka da ba su cika kanta ɗaya ba. Suka ce ko nawa ne za su saya in akwai. Yaya ya ce su dawo bayan wata uku.

Bai yi shawara da ni ba, ya sa a tono rami ɗaya, ni dai na biya masu haƙa. Aka fasa daɓen shagon ƙarshe, aka yi kwana uku ana fitar da ƙasa. Da aka kai ga jikin ramin sai aka tarar lason ya farfashe tun daga baki har ƙasa, ɓaraguzan da aka daddaɓa sun ratsa shi ko'ina. Yaya ya shiga da kansa, yana shafa bangon da tafin hannu, yana ɓamɓaro shi kamar ɓawon gyaɗa. Muka nemi masu yin laso. Biyu da muka sani sun rasu. Aka kwatanta mana wani tsoho a Ƙofar Na'isa, muka same shi idonsa ya tafi. Ya ce zai iya faɗa mana yadda ake yi, amma laso sai da katsi, katsi kuma sai daga rami mai aiki, namu kuwa mun binne shi. Ya tambaye mu ma wa zai kawo mana baba, don mutanen ƙauyen da ya sani duk sun koma noman masara. Wa kuma zai saƙa farin? Yaya ya ce za a duba. Tsohon ya ce Allah ya sa a dace.

Ramin ya yi wata biyu a buɗe a cikin shago, har wata akuya ta faɗa aka fitar da ita da igiya. Samarin Agadas ba su dawo ba, na ji sun samu abin da suke nema a wani ƙauye kudu da birni inda ba a yi arzikin gina shaguna ba. Ranar wata Asabar Yaya ya sa aka mayar da ƙasar, aka yi sabon daɓe. Daga ranar ba a sake rini a gidanmu ba, kuma a cikin 'ya'yansa da nawa babu ko ɗaya da ya san yadda ake haɗa baba.